Shafin Ragunan Alhaji Ɗanlami

Kusan kowane mako sai wani matashi ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu, nan Agege, da jakar laftof a baya, ya ce, "Oga Sabi'u, abeg ka koya mini haɗa shafin intanet. An ce wata uku mutum ya fara karɓar dala." Wa ya ce? Wani ne a bidiyo, yana zaune cikin mota mai sanyi, motar da ko shakka babu hayarta ya ɗauko don bidiyon. Na gaji da ba da amsa a tsaye da takalmi a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya ga har yanzu yana so, bismilla, ya zo in koya masa. Amma ya fara bi ta layin bayan titin jirgi, ya duba shagon da ke tsakanin mai wanki da guga da mai gyaran waya. Kifin ƙanƙara ake sayarwa a ciki yanzu. Shagona ne, kuma yadda ya fita daga hannuna shi ne labarin da zan ba ku.

Aikin farko da na taɓa yi da hannuna shafi ne mai fuska ɗaya, na wata makarantar koyon ɗinki a Ikeja. Lokacin ina yaron shago a kafen intanet na Oga Wasiu, wani Bayarabe mai ilimi da saurin fushi. Mahaifina mahauci ne a Abbatuwa, shi ya kai ni da kansa, ya ce wuƙa ta ci masa yatsu, ba zai bari ta ci nawa ba. Kada ku ɗauka ranar da na je aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Shara na fara, da ɗebo fetur a jarka, da jan igiyar janareta har kafaɗa ta yi tsami, da buga wa mutane takardun neman aiki. Sai da Oga ya tabbatar ba na sata kuma ba na barcin rana, sannan ya ajiye mini wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ya ce in riƙa buɗe cikin shafukan mutane ina kwafe rubutun da ke ƙarƙashinsu harafi-harafi, har in gane wane layi ne ke riƙe da wane. Shafin makarantar ɗinkin ya ci mini kwana da kwanaki. Na kai masa ina washe baki. Ya buɗe shi a wata kwamfutar daban, sai ga hoton keken ɗinki ya hau kan lambar waya ya zauna daram. A gabana ya goge aikin gaba ɗaya, ya ce in sake, kuma in gwada shi a kowace kwamfuta da ke kafen kafin in ƙara kiran sunansa.

Tunda kun ce abin wasa ne, bari ku ji abin da ke cikinsa. Shafi yana buƙatar suna, kuma sunan nan haya ake yi, duk shekara sai an biya. Yana buƙatar rumbun da za a ajiye shi, wato wata babbar kwamfuta a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, ita ma haya ce, kuma da dala. Sai ginin kansa, wanda shi kaɗai kwastoma yake gani, shi kaɗai kuma yake yarda ya biya. Bayan gini akwai gadi, domin ɓarayin intanet ba sa hutu, kuma abin da ka ɗaure yau gobe za ka tarar ya kwance da kansa. Kayan aikinka laftof tokumbo, wato ta hannu daga waje, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, da layin data biyu na kamfani daban-daban, don in wannan ya yi yaji wancan ya rufa asiri, da ɗan janaretan da ke shan fetur kamar yana da gado a gidan mai. Akwai kuma bayanka da idonka. Su ma kayan aiki ne, kuma ba a sayar da tokumbonsu a Ikeja.

Aikin waje na farko da na samu na wata mata ce mai gasa burodi a wani ƙaramin gari a Turai. A wata kasuwar intanet muka haɗu, irin wadda mai neman aiki zai saka abin da yake so, masu sana'a daga ko'ina a duniya su yi ta faɗin farashinsu, shi kuma ya zaɓa. Na faɗi kuɗin da a ganina na tsuga mata, ina jiran ta nemi ragi. Nan take ta amince, har da godiya. Da na gama ta rubuto cewa mutumin garinsu da ya saba yi mata aikin yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da na karɓa, kuma daga ranar ta sallame shi. Na karanta wa abokaina saƙon a teburin mai shayi, muka yi ta dariya. Da kuɗin irin waɗannan ayyuka na kama shago, na sa tayal, na sa fanka, na rataya allo da sunana. A shekarun nan mu ne masu arha na duniya, kuma mun ɗauka haka za a dawwama.

Amma aikin da ya kafa ni a Agege ba na Turawa ba ne, na Alhaji Ɗanlami ne, babban mai fataucin raguna a kara. Baba Iro ne ya haɗa mu, wani tsohon dillalin dabbobi, abokin mahaifina, mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba amma ya san wanda ke da kuɗi da wanda ke da riga kawai. Alhaji yana da kwastomomi 'yan Legas da ke zaune a ƙasashen waje, suna son su saya wa iyayensu ragon layya ba tare da wani ƙani ya cinye rabin kuɗin a hanya ba. Abin da yake so shi ne mutum ya zauna a inda yake, ya ga rago, ya biya, a kai wa tsohuwarsa har gida a Oshodi ko Obalende.

Ranar da muka fara ciniki na gane cewa a wurin Alhaji shafin intanet da bijimi duk kaya ne, kuma hanyar sayensu ɗaya ce. Ya zo shagona da Baba Iro. Na faɗi kuɗina. Ya yi salati, ya kalli silin, ya taya rabi. Ni ɗan mahauci ne, a kara na girma, na san abin da ake cewa.

"Albarka, Alhaji."

Ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce ashe yaran zamani ba su da tsoron Allah, ya fita. Na yunƙura zan bi shi. Baba Iro ya danne mini gwiwa.

"Zauna, ɗan nan. Mai kaya ba ya bin mai saye. Wannan tafiyar tawa ce."

Sai da ya ba Alhaji lokaci ya isa mota, ya buɗe ƙofa, ya zauna, sannan ya ja silifa ya bi shi. Suka yi ƙus-ƙus, ya dawo da shi yana riƙe da hannun rigarsa. Alhaji ya ƙara, ni na rage, Baba Iro ya yi ta rantse-rantse a tsakani, har muka haɗu a inda kowa ya san tun farko nan za a haɗu. Baba Iro ya kama hannuna ya sa cikin na Alhaji. Na ce na sallama, ya ce ya saya, aka yi addu'a, aka cire wa dillali la'adarsa. Babu takarda, babu sa hannu. Haka muka riƙa yi duk shekara idan Babbar Salla ta matso, da fushin da fitar da dawowar, kamar ranar muka fara ganin juna.

Shafin ragunan nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Tirela za ta sauke kaya daga Arewa, balami da uda da 'yankasa, a shafa wa kowane lamba da fenti a gefen ciki, a ɗauke shi hoto, a auna shi, in saka. Rago kuwa ba ya tsayawa a ɗauki hotonsa, sai ka bi shi cikin kashi da dusa. Matsalar da ta fi ci mini rai ita ce mutum biyu su ƙyalla ido kan rago ɗaya, ɗaya yana wannan ƙasa ɗaya yana waccan, su biya a lokaci guda. Shekarar farko hakan ta faru, tsofaffi biyu suka aiko a ɗaukar musu rago ɗaya, kuma ba wadda ta yarda da canji, kowace ta ce wannan mai baƙin kunnen ɗanta ya nuna mata a waya. Sai da na zauna na ƙirƙiro hanyar da rago zai kulle da zarar wani ya fara biya, ya buɗe in ya fasa. Wannan ɗan guntun aikin, wanda ba mai gani, ya fi duk adon shafin cin lokaci.

A kara kuwa, wanda ya yi wa Alhaji Ɗanlami aiki ya yi wa kasuwa. Masu fata suka zo, masu kai nama otal-otal suka zo, har wani mai sayar da ganda ya ce shi ma a saka shi a intanet, amma hotonsa ya fi na gandar girma. Kowa in ya shigo abin da yake faɗi ɗaya ne, "Irin na Alhaji nake so." Kuɗin hayar shagona kuma a watan da ke gaban Babbar Salla yake cika. Saboda haka lissafina bai taɓa wahala ba: Alhaji ya biya, in miƙa wa Alhaja, mai ginin da shagon yake ciki, kuɗin hayarta, sauran ayyukan su ciyar da gida.

Muguwar shekarar ba da tsawa ta zo ba, a hankali ta riƙa shigowa. Na fara lura cewa in na saka farashi a kasuwar intanet, kafin in sha ruwa mutane sun yi layi a ƙarƙashina, kowa yana karya na sama da shi. Yawancinsu daga wasu ƙasashen Asiya suke, kuma ba ɗaiɗaiku ba ne irina, kamfanoni ne masu ɗaki cike da ma'aikata, wasu na tashi wasu na zama, aiki ba ya tsayawa. Suna da shafuka gamammu a ajiye, na otal, na asibiti, na makaranta, sai dai a canza suna da launi. Na rage farashi, na ƙara ragewa, har na kai inda in na cire data da fetur abin da ya rage ba zai sayi buhun gawayi ba, duk da haka wani ya shiga ƙarƙashina. Matar burodin nan ma ta rubuto cikin ladabi, ta ce ta gode da shekarun da muka yi, ta samu wasu.

A gida kuma naira ta riƙa zubewa. Rumbun da nake biya da dala ya ninka, fetur ya tashi, wutar gwamnati ta zama baƙuwa. Kwastomomin kara ba sa gane wannan. Ka ce wa mai fata kuɗin sunan shafinsa ya ƙaru, sai ya ce, "Sunan nawa ne ya ƙara tsawo?" Wasu na riƙa biya musu daga aljihuna don kada shafin ya mutu a ce aikina ne ba shi da kyau. Alhaja mai gida ita ma ta aiko cewa haya ta ƙaru, kuma akwai mai so in ba zan iya ba. Da Salla ta matso ba ni da kowa sai Alhaji Ɗanlami. In cinikinsa ya faɗa, shago ya tsaya. In bai faɗa ba, babu wani wurin da zan duba.

Ya zo bayan la'asar, shi da Baba Iro kamar kullum, amma a wannan karon da ɗansa Mubarak, wanda bai daɗe da gama jami'a ba. Haifaffen Legas ne, Hausarsa rabi Turanci, wayarsa ba ta barin tafin hannunsa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, na sa aka kawo lemo. Na faɗi kuɗin bana, na bayyana dalilin ƙarin, dala da fetur da sauransu. A raina kuwa na riga na yanke cewa ko rabin abin da na faɗa aka tsaya a kai zan karɓa, domin rabin zai biya Alhaja.

Alhaji bai yi salatin da ya saba ba. Ya juya ga ɗansa.

"Nuna wa Injiniya abin nan."

Mubarak ya miƙo mini wayar. Wani kamfani ne na can Asiya. Za su sake gina shafin, su riƙe shi shekara guda, su amsa kira dare da rana, a kan kuɗin da bai kai rubu'in nawa ba. Ko rumbun da nake biya wa Alhaji ya kusa cinye wannan kuɗin. A ƙasan farashin akwai wani ɗan agogo yana ƙirga lokacin da rangwamen zai ƙare.

"Oga, no bi faɗa," in ji Mubarak. "Kasuwa ce. Su shap-shap suke yi, kuma ga farashin."

Alhaji ya ce, "To, Injiniya, ka gani. Abin da suka ce shi na taya."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina bin ragunan mutumin nan cikin kashi, a zo a taya mini kuɗin da ba a taya wa ɗan akuya. Amma na san wasan, na san tayin farko ba a jin haushinsa.

"Albarka, Alhaji."

Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya fita, ɗansa na biye da shi yana latse-latse. Na dubi Baba Iro. Ya ɓare goro a hankali, ya jefa ɓari a baki.

"Baba, ba za ka tashi ba?"

"Bar shi ya ɗan dahu. Wannan tayin da raini a ciki. In na fita da wuri zai ce mun matsu."

"Ai mun matsu, Baba."

"Shi ya sa ba za mu nuna ba."

Ya tauna goronsa, ya shanye sauran lemonsa, ya nemi silifarsa ɗaya da ta shige ƙarƙashin benci. Gwiwa ta riga ta fara ba shi wahala a lokacin, tafiyarsa sai a hankali. Da ya isa bakin titi babu motar. Ya dawo yana dariya, ya ce Alhaji ya ƙaro sabon salo, amma gobe da kansa zai aiko. Ya ja mini kunne kada in kuskura in kira shi a waya, domin ranar da na kira na karya kayana da hannuna.

Ban kira ba. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Tireloli suka fara sauke raguna, ina jin kukansu daga shago, ba wanda ya ce in zo in ɗauki hoto. Baba Iro ya je kara neman Alhaji, aka ce ya tafi Arewa lodi. Ina zaune ina kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai ga Mubarak ya shigo shi kaɗai. Ya gaishe ni da ladabi fiye da na ranar farko, wanda hakan ya sa na sha jinin jikina. Ya ce ya zo karɓar lambobin sirrin shafin ne, mutanen can suna jira su kwashe kayan zuwa rumbunsu. An riga an biya su.

Shafin na Alhaji ne, da kuɗinsa aka gina. Na ba Mubarak lambobin.

Ya roƙe ni in yi magana da wanda zai karɓi aikin, don akwai abubuwan da shi bai gane ba. Ya kira ta bidiyo. Na shirya ganin wani katon Bature mai taye, sai ga wani siririn saurayi mai ɗan gemu, idanunsa sun yi ja don kallon allo, a bayansa mutane a jere kamar ɗakin jarrabawa. Ya yi mini sallama cikakkiya, ya ce sunansa Faruk. Muna cikin magana fankar da ke bayansa ta tsaya, ya ba ni haƙuri, ya ce an ɗauke musu wuta ne, bari janareta ya tashi. Na yi niyyar in bar shi ya faɗa ramin mutum biyu rago ɗaya, don na tabbata mutanen nesa ba su san layya ba. Kafin in buɗe baki shi ya tayar da zancen. Ya ce su ma a ƙasarsu ana sayar da dabbar layya ta intanet, sun yi irin wannan shafin ba adadi, yana nan a ajiye. Ya yaba yadda na kulle ragon, ya ce ya fi nasu tsafta, in ban damu ba za su bar shi yadda yake. Na tambaye shi nawa ne rabonsa a cikin kuɗin. Ya yi murmushi ya ce shi albashi ake ba shi, kuma shafin Alhaji ɗaya ne cikin waɗanda zai gama kafin ya tashi.

Wannan nake so ku riƙe, ku masu jakar laftof. Wanda zai karɓe muku aiki ba malalaci ba ne, ba jahili ba ne, ba kuma mugu ba ne. Ya iya abin da kuka iya, yana sallar da kuke yi, wutarsa ma ana ɗaukewa. Yunwarsa ce ta fi taku arha, kuma akwai wani a bayansa da tasa ta fi arha.

Na yi fatan shafin ya rushe ranar jajibere, na faɗa muku gaskiya. Na riƙa leƙa shi kamar mai leƙen gidan da aka kore shi. Bai rushe ba. Ya fi nawa saurin buɗewa a waya, raguna suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har aka sayar da na ƙarshe. Bayan Salla mutanen kara suka fara zuwa, ba don kawo aiki ba. Mai fata ya zo karɓar lambobinsa, masu naman otal suka zo, har mai ganda. Maganar dai ita ce ta da, "Irin na Alhaji nake so." Alhaja ta yi mini haƙurin da za ta iya, mace ce mai kirki, amma ita ma da hayar take ci. Ta ce mai kifi ya kawo kuɗin shekara a hannu.

Ranar da nake kwashe kaya na kira mai kura. Mun fito da kujeru da fanka da janareta, na hau benci na kwance allon sunana. Teburin aikina ne ya rage a bakin ƙofa, babba ne na katako mai nauyi, muna shawarar yadda za a ɗora shi, sai ga motar Alhaji Ɗanlami ta tsaya. Shi kaɗai ne da direba. Ya fito ya dubi kayan a kan kura, ya dubi shagon da ya zama fanko. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, me ya hana Iro fitowa ranar nan?"

"Ya fito, Alhaji. Ya tarar kun tafi."

"Na jira shi. Wallahi na jira shi. Ƙafata ɗaya tana waje, ƙofa a buɗe, ina sauraron silifarsa. Sai yaron nan ya ce, Baba, agogonsu zai cika, in danna? Na ce danna mana. A zatona tayi ne, in Iro ya zo in nuna masa in ce ga wasu can sun sallama, ya matsa maka ka sauko. Ban rufe baki ba sai na ji wayata ta yi ƙara, kuɗi sun fita. Na ce wa yaron, wa na kama wa hannu? Wa ya shaida? Ya ce, Baba, a can ba a kama hannu, an gama."

"Da ka dawo ka faɗa mini, Alhaji."

"In dawo in ce me? In ce ni Ɗanlami, da furfurata, na sayi kaya ban san na saya ba? A ji wannan a kara?" Ya gyara hularsa. "Nawa ka so tsayawa?"

Na faɗa masa. Ya runtse ido, ya girgiza kai. Ya faɗi abin da ya zo da shi a aljihu ranar, wanda ya yi niyyar tsayawa a kai bayan an gama ja-in-ja. Ya fi nawa. Zai biya Alhaja har ya bar mini na fetur.

Mai kura ya gaji da tsayuwa ya zauna a kan hannun kurarsa. Ni kuma, da yake wanda ya matsu ba ya da kunya, na yi abin da Baba Iro ya hana ni tun ranar farko.

"To baɗi fa, Alhaji? In shekararsu ta cika?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Injiniya, kai ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa. Da ban ga farashin nan ba, da shi ke nan. Yanzu na gani, na kuma ga aikin. In na dawo wurinka sadaka zan yi, ba ciniki ba, kuma kai ba za ka so haka ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ya juya zai shiga mota, sai idonsa ya faɗa kan teburin. Ya dawo ya ƙwanƙwasa shi da 'yan yatsu, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya girgiza ƙafarsa ya ji ko tana rawa, kamar yadda yake taɓa gadon bayan rago. Ya ce Mubarak yana neman teburin da zai riƙa zama a rumfarsu ta kara, inda zai riƙa tura wa mutanen can hotuna.

"Na sayarwa ne?"

Ɗakin da nake haya da iyalina ba zai ɗauki teburin ba, ko ƙofar ba zai shiga ba. Na ce na sayarwa ne. Ya taya, kuma tayin farko ne, irin wanda ake yi don a ƙi, bai kai kuɗin katakon ba. Ya tsaya yana jiran in ce abin da ake cewa, har ya fara tattara rigarsa zai juya.

Na miƙa masa hannu na ce, "Na sallama."